Idan awo ya ce "1 cikin 90": yadda za ki jure jiran gwajin lalurar Down

Ina da shekara 38 na ɗauki cikina na huɗu, kuma har ga Allah na zaci babu sauran abin da awo zai nuna mini wanda ban taɓa gani ba. A mako na 12 aka yi mini hoton ciki, aka ɗebi jini, na koma gida na ci gaba da harkokina. Bayan kwana biyar sai ga waya daga asibiti. Ungozoma ce, ta tausasa murya ta ce: "Maman yara, gwajin nan ya fito, yiwuwar lalurar Down ta ɗan yi sama, 1 cikin 90 ne. Ki daure ki zo gobe mu zauna." Gabana ya faɗi. Abin da kunnena ya ɗauka kawai shi ne "Down" da "ki zo gobe". Lambar 90 ɗin ko kusa ba ta shiga kaina ba, alhali ita ce rabin zancen. Lalurar Down, in ba ki sani ba, ita ce a haifi yaro da ƙarin kuromosom ɗaya, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, abin da kan kawo jinkirin tafiya da magana, wani lokaci har da matsalar zuciya.

Kusan wata guda na yi a wannan hali kafin hankalina ya kwanta. Ni ba likita ba ce, mace ce da ta yi ta tambaya tana rubutawa a littafi. Abin da zan faɗa miki a nan, 'yar'uwa, shi ne abin da na so a ce wata ta zaunar da ni ta faɗa mini tun kafin a soka allurar.

Ki fara sanin wane irin gwaji aka yi miki

Gwaje-gwajen nan iri biyu ne, kuma yawancin fargabar daga haɗa su wuri ɗaya take tasowa. Akwai na tantancewa, wanda lissafin yiwuwa kawai yake yi. Akwai kuma na tabbatarwa, wanda yake duba ƙwayoyin halittar ɗan tayi kai tsaye ya ce e ko a'a.

Wanda aka yi mini na tantancewa ne. Ana yin sa tsakanin mako na 11 da na 14. A hoton ciki ana auna ɗan ruwan da ke ƙarƙashin fatar ƙeyar ɗan tayi. Kowane ɗan tayi yana da wannan ruwa. Idan kaurinsa ya kai milimita 3.5 ko fiye ne ake cewa ya yi yawa. A jinin uwa kuma ana duba sinadarai biyu da ke fitowa daga mabiyiya, PAPP-A da hCG. Sai a haɗa waɗannan da shekarunki a cikin kwamfuta ta fitar da lamba. Ka'ida ce ta lissafi, babu wanda ya leƙa ƙwayar halittar ɗanki. Idan kin wuce mako na 14 ba ki yi ba, akwai gwajin jini na sinadarai huɗu da ake yi har zuwa wajen mako na 20, shi ma lissafi ne, kuma bai kai na farkon kaifi ba.

Don haka tambayar farko da za ki yi wa duk wanda ya miƙo miki takarda ita ce: "Wannan na tantancewa ne ko na tabbatarwa?" Ni sai da na kwana biyu ina kuka kafin na yi wannan tambaya.

Ki juya lambar ki karanta ta ta ɗaya gefen

Washegari da na je, ungozomar ta ɗauki biro ta zana ɗigo-ɗigo a bayan wata takarda. Ta ce in ɗauka mata 90 ne zaune a zaure guda, kowacce shekarunta kamar nawa, jininta kamar nawa, hotonta kamar nawa. Ɗaya daga cikinsu ce ke ɗauke da jariri mai lalurar Down. Sauran 89 ba su ɗauke da shi. Ta ce: "Abin da na sani ke nan, kina cikin zauren nan. Ban san kujerar da kike kai ba."

Ki yi wa taki lambar haka. 1 cikin 50 na nufin 49 babu. 1 cikin 10, wanda ke tsinka zuciya, har yanzu yana nufin 9 babu. Ki rubuta shi da hannunki, domin ƙwaƙwalwar da ke cikin firgici 1 ɗin take riƙewa ta watsar da saura.

Ki kuma san cewa layin da ke raba "yiwuwa mai yawa" da "yiwuwa kaɗan" mutane ne suka ja shi. A asibitocin gwamnatin Ingila, misali, daga 1 cikin 150 ake cewa ta yi sama; wasu wurare sun ja nasu layin a 1 cikin 250 ko 300. Mai 1 cikin 140 za a kira ta a waya, mai 1 cikin 160 za a ce mata lafiya lau, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. An tsara gwajin ne ya kwaso mata da yawa don kada ya bar wasu a baya, shi ya sa mafi yawan waɗanda aka kira, a ƙarshe jariransu ba su da lalurar. Haka nan "yiwuwa kaɗan" ba sifiri ba ce. Wannan gwaji na farko yana gano kamar 8 zuwa 9 ne cikin kowane 10.

Shekaru kaɗai suna tura lambar. Mai shekara 25 yiwuwarta wajen 1 cikin 1,200 ce tun kafin a ɗebi jini, mai 35 wajen 1 cikin 350, mai 40 wajen 1 cikin 100. Da na fahimci wannan sai na ga cewa ni da shekara 38 dama can ina kusa da layin, ɗan motsi kaɗan a sinadarin jini ya isa ya tsallakar da ni. Duk da haka jarirai masu lalurar da yawa mata 'yan ƙasa da 35 ne ke haifarsu, saboda su ne suka fi yawan haihuwa.

Kafin ki bar ofishin, ki sa a karanta miki bayanan da aka shigar: ranar haihuwarki, nauyinki, makonnin cikin, ko tagwaye ne, ko kina shan taba, ko kina da ciwon sukari, ko dashen ƙwai aka yi miki. Duk suna shiga lissafin. Kuskure a makonnin ciki kaɗai yana iya karkatar da sakamako, musamman a gwajin sinadarai huɗu.

Tambayar da ya kamata a yi tun kafin allura

Da zan koma baya, abu ɗaya zan canza. Zan zauna da maigidana tun kafin ranar gwajin mu tambayi juna: idan aka ce e, me za mu yi da amsar? Ni ban yi ba. An miƙo mini takarda cikin jerin takardun awo, na sa hannu kamar yadda nake sa wa gwajin ƙarancin jini. Wannan gwaji zaɓi ne. Kina da damar cewa ba kya so, kuma babu ma'aikacin kirki da zai ga laifinki.

Mata sun bambanta a nan. Wata ta san cewa sanin ba zai canza komai ba sai dai ya hana ta barci na wata shida, ta ce a bar ta. Wata kuma rashin sanin ne ke cinye ta. Wata tana son ta sani don ta zaɓi asibitin da ke da likitan zuciyar jarirai. Akwai kuma waɗanda ke tunanin ko za su ci gaba da cikin, abin da dokar kowace ƙasa da imanin kowane mutum suke da ta cewa a kai. Ni na san a raina zan riƙe cikina ko me aka ce. Abin da nake nema shi ne shiri. Da na iya furta wannan a fili, sai zaɓin da ke gabana ya ragu, domin na gane ba zan yarda da gwajin da ke da haɗarin ɓari ba sai in babu makawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ki bari ƙawa ko 'yar'uwa, balle wata baƙuwa a intanet, ta yanke miki wannan.

Hanyoyi uku da ke gabanki bayan wayar

Ta farko, ki tsaya nan, ki jira hoton ciki na mako na 20 wanda ake duba zuciya da hanji da sauran gaɓoɓi. Sai dai ki sani, jarirai da dama masu lalurar Down hotonsu ba ya nuna komai.

Ta biyu ita ce gwajin jinin da ake kira NIPT. A 1997 wani masani mai suna Dennis Lo da abokan aikinsa suka gano cewa gutsattsarin ƙwayoyin gado na cikin suna yawo a jinin uwa, kuma daga 2011 aka fara amfani da wannan a asibitoci. Ana iya yi daga mako na 10, jini ne kawai daga hannu, babu haɗari ga ciki. Yana gano fiye da 99 cikin 100 na lalurar Down. Amma har yanzu na tantancewa ne, saboda gutsattsarin daga mabiyiya suke fitowa, kuma wani lokaci mabiyiya tana da ƙarin kuromosom ɗin alhali jaririn ba shi da shi. Ko kuma tagwaye ne ɗaya ya tsaya tun da wuri ba a sani ba. Idan ya ce yiwuwa kaɗan, amsa ce mai ƙarfi ƙwarai. Idan ya ce yiwuwa mai yawa, sai an tabbatar, kuma kuskurensa ya fi faɗawa kan mata masu ƙananan shekaru. Ba kowane asibiti ke yin sa ba, a wurare da yawa ma sai an aika jinin wata ƙasa, don haka ki tambayi kwana nawa zai ɗauka tun kafin a ɗiba.

Shi na zaɓa. Bayan kwana goma aka kira ni aka ce babu sakamako. Cikina ya ɗuri ruwa, na zaci ɓoye mini ake yi. Ashe gutsattsarin da ke jinina ne ba su kai adadin da na'ura za ta karanta ba, abin da ke faruwa ga wasu mata, musamman masu jiki irina ko waɗanda aka ɗiba da wuri. Aka sake ɗiba. Ina faɗa miki wannan ne don idan ya same ki, kada ki karanta shi a matsayin mummunan labari. Ki tambayi likita ko a sake, ko a wuce zuwa mataki na gaba.

Ta uku ita ce tabbatarwa. Ko dai a ɗauki ɗan tsokar mabiyiya tsakanin mako na 11 da na 14, wanda ake kira CVS, ko a zuƙi ɗan ruwan da jariri ke kwance a ciki daga mako na 15, wanda ake kira amniyosentesis. Da siririyar allura ake yi, likita yana kallon allon hoto. Haɗarin ɓari ƙarami ne. Adadin da aka saba faɗa wa mata shi ne bai wuce 1 cikin 200 ba, kuma a hannun ƙwararre yakan yi ƙasa da haka. Amsar farko takan fito cikin kamar kwana uku na aiki, cikakkiyar kuma mako biyu zuwa uku. Ki tambayi likitan sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, ba rashin kunya ba ne. Idan rukunin jininki mai alamar ragi ne, wato Rh negetif, ki tuna musu da allurar anti-D, wadda ke hana jikinki yaƙar jinin jariri.

Kwanakin jira

Nan ne ainihin wahalar take, kuma nan ne asibiti ba ya bin ki gida.

Ki nemi a faɗa miki rana, da hanyar da amsar za ta zo. Waya ce ko saƙo ko sai kin je? Wa za ki kira idan ranar ta wuce shiru? Ni da ban tambaya ba a karon farko, duk ƙarar waya sai zuciyata ta tsinke, ko da kuwa yayata ce ke gaishe ni. A karo na biyu na ce da ungozomar: "Sista, don Allah ki kira ni bayan ƙarfe huɗu, lokacin Baban yara yana gida." Ta rubuta a fayil, kuma haka aka yi. Daga safe zuwa huɗu wayata ta koma waya kawai.

Ki yi wa bincike a intanet iyaka. Ba zan ce kada ki duba ba, domin na san za ki duba. Ni na ware rabin sa'a da rana, da tambaya ɗaya rubutacciya a gabana, idan na samu amsarta in rufe. Da dare wayar tana kwana a falo. Ƙarfe biyun dare ba lokacin karatu ba ne. A wannan sa'a duk labarin da kika karanta sai ki ga kamar naki ne. Kuma ki daina gwada milimitar ɗanki da ta wasu. Na ɓata dare uku ina kwatanta 2.6 ɗina da lambobin matan da ban san shekarunsu ko makonninsu ba.

Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu ki faɗa musu, waɗanda suka iya saurare. Masu ƙaunarki da yawa za su ce "ki cire wannan a ranki, babu komai", da kyakkyawar niyya, amma maganar tana rufe miki baki. Wadda ta fi yi mini amfani ita ce ƙanwata, da ta ce: "Yaya, faɗa mini abin da kike tsoro ɗin, ɗaya bayan ɗaya." Da na fara lissafawa sai na ga ba jaririn nake tsoro ba. Ina tsoron aikin zuciya a kan ɗan jinjiri, ina tsoron wa zai riƙe shi bayan raina, ina tsoron kallon mutane. Kowanne daga cikin ukun yana da tambayar da za a iya kai wa wani, maimakon dunƙulallen duhun da nake kwana da shi.

Shi ma maigida ki lura da shi. Nawa shiru ya yi, ni kuma na fassara shirun da rashin damuwa har na yi fushi. Sai wani dare na tarar da shi zaune a gefen gado ya yi tagumi. Daga ranar muka sa wa kanmu minti goma bayan yara sun kwanta, mu yi maganar, sannan mu ajiye ta sai gobe.

Jikinki ma yana da hakki. Ki ci abinci ko ba kya jin daɗinsa, ki taka ƙafa kullum, ki ci gaba da shan magungunan awo. Idan bugun zuciya ya taso, ki ja numfashi a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, sau goma. Ni addu'a ce ta fi riƙe ni, kuma ban ga ta hana ni yin tambaya ko neman gwaji ba. Wani abu da ban zata ba shi ne na tsinci kaina na daina shafa cikina, na daina yi masa magana, kamar ina janye zuciyata don kada ta karye. Da na faɗa wa ungozoma ta ce mata da yawa suna haka, kuma yakan dawo. Ya dawo.

Amma idan barci ya ƙaurace miki kwana da kwanaki, ko kin kasa ci, ko kin kasa kula da kanki da yara, ko firgici na kama ki har numfashi ya sarƙe, ki faɗa a wurin awo da bakinki. Damuwar mai ciki lalura ce da ake dubawa, akwai masu ba da shawara, akwai kuma magungunan da likita ke iya bai wa mai ciki. Idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, a ranar za ki nemi taimako.

Ba ke kika jawo ba

Wannan tunani zai zo, don haka gara in riga shi. Yawancin mutane suna da ƙunshin ƙwayoyin gado, wato kuromosom, guda 46 a kowace ƙwayar jiki, biyu-biyu. Mai lalurar Down yana da uku a lamba ta 21, jimla 47. Likitan Ingila John Langdon Down ne ya bayyana siffofin lalurar a 1866, sai a 1959 masana a Faransa suka gano ƙarin kuromosom ɗin. A kusan 95 cikin 100, abin yana faruwa ne a lokacin da ƙwan mace ko maniyyin namiji ke rabuwa, tun kafin ki san kina da ciki. Abin da kika ci, kayan da kika ɗauka, ɓacin ran da kika yi, maganin da kika sha, babu ɗaya da ke ƙara kuromosom. Ɗan ƙaramin kaso ne kawai ake iya gada, kuma cikakken gwajin tabbatarwa yana nuna ko wannan nau'in ne, sannan a duba jinin iyaye biyu.

Idan amsar ta zo e

Tawa amsar ta biyu ta ce yiwuwa kaɗan, kuma 'yata ta zo ba ta da lalurar. Amma a makonnin jira na riga na shirya wa ɗaya amsar, kuma shirin ya rage mini tsoro fiye da duk wani lallashi. Na nemi a haɗa ni da wata uwa mai ɗa ɗan shekara bakwai mai lalurar Down. Na je da tambayoyi masu nauyi, na tarar da yaro yana rigima da yayarsa a kan fensir. Uwar ba ta ɓoye mini wahala ba: an yi masa aikin zuciya yana jariri, ya yi jinkirin tafiya da magana, ana bibiyar jinsa da sinadarin maƙoshinsa, wato tayroid, a kai a kai. Ta kuma ce mini ranar da aka faɗa mata ta fi kowace rana da ta biyo baya ɗaci.

Idan aka tabbatar miki, ba a ranar ake yanke komai ba. Ki yi kukanki. Sannan ki nemi abubuwa uku. Ki nemi hoton zuciyar jariri tun yana ciki, domin kusan rabinsu suna zuwa da matsalar zuciya, kuma yawancin waɗannan matsaloli ana gyara su. Ki nemi zama da likitan yara kafin haihuwa, ya faɗa miki me za a duba a makon farko: zuciya, hanji, ji, ido, da sinadarin maƙoshi. Ki kuma nemi bayani na yau, domin tsofaffin littattafai suna ɗauke da tsofaffin lambobi. A farkon shekarun 1980 matsakaicin tsawon ran mai lalurar Down a Amurka wajen shekara 25 ne, yanzu ya kai wajen 60, mafi yawa saboda aikin zuciya da kulawar da ake fara ba su da wuri. Babu gwajin da zai faɗa miki tun a ciki yadda ɗanki zai yi magana ko karatu. Wannan sai an haife shi ana tafiya tare.

Duk zaman da za ki yi da likita, ki tafi da mutum na biyu da littafi. Ki ce masa aikinsa rubutu ne kawai, musamman lambobi da ranaku, don idan kun dawo gida ku karanta tare.